Zomanya da Garmahon Mutum Huɗu

Garmahon ba namu ba ne mu kaɗai. Na mutum huɗu ne: maigidana, da Mai Kemis, da Tela, da Direba. Kowannensu yana da fayafayan da ya tara a gidansa, amma abin da za a ɗora su a kai a ji, shi ne babu. Sun zagaye layin masu kayan wuta, sun leƙa shagunan masu gyaran rediyo, har wurin 'yan gwanjo sun bi. Duk inda suka je sai a ce ai an daina kawo shi tun tuni, ko kuma a jawo musu wani mushe daga ƙarƙashin tebur, ba hannu ba allura, a ce gyara kaɗan yake so. Da ƙyar Direba ya samo mai lafiya a wata doguwar tafiya, ya ɗaure shi da bel a kujerar gaba kamar fasinja, ya kawo. Kuɗin da aka faɗa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai suka haɗa hannu. Tun daga nan garmaho ya zama ɗan yawo, mako a wannan gida, mako a wancan, kuma duk gidan da ya sauka, nan ake haɗuwa ranar Asabar da rana a saurara.

Ni da farko abin bai dame ni ba. Maigidana aikinsa gwajin ruwa, yini yake yana kallon kwalabe, kuma ba mai yawo ba ne. Fayafayan nan kaɗai ne abin da yake so wa kansa. Faifai ɗaya, in mai kyau ne da kwalinsa, kuɗinsa zai yi mana cefanen mako har a sami saura, shi ya sa ba ya saye sai ya daɗe yana zuwa aiki a ƙasa yana adana kuɗin mota. Ranar da ya kawo sabo kuwa, sai ya wanke hannu, ya zaro shi a hankali ta gefe da gefe, yadda na ga ma'aikaciyar jinya ta riƙe 'yarmu ranar da aka haife ta. Kuma in zan faɗi gaskiya, kiɗan da daɗi. Akwai wani ɗumi a cikinsa da ba na ji a waya, kamar masu busar suna zaune a bayan labule.

'Yarmu ta haura shekara uku. Ƙanena ne ya sa mata Zomanya, don tun da ta miƙe ba ta yarda da tafiya ba. Daga gado zuwa ƙofa tsalle, daga ƙofa zuwa kicin tsalle, in ka ba ta kofi ta kai maka ɗaki, rabin ruwan a hanya zai tsaya. Gidanmu kuma a sama yake, kan wani shago, ƙasan falon da na ɗakin kwana duk katako ne aka shimfiɗa wa leda. In babba ya taka da ƙarfi, cokulan kan tebur sai sun amsa.

Mai Kemis shi ne babbansu. Dogo ne siriri mai tabarau, irin mutanen da ko gaisuwa a aune suke yinta. Allurar garmahon ɗaya ce tak, babu ta canji a duk garin, saboda haka ranar Asabar ba wanda yake sauke ta a kan faifai sai shi. Yana da wani ɗan buroshi da yake ajiyewa a gidan tabarau, da shi yake share ta kafin a fara. Tela kuwa kishiyarsa ne ta kowane gefe, gajere mai tumbi, bakinsa ba ya hutawa sai an sa kiɗa. Direba shi ke dakon garmahon daga gida zuwa gida, kuma yawanci kafin a juya faifai barci ya ɗauke shi, in an tashe shi ya ce shi da ido a rufe ya fi ji.

Wata Asabar da garmaho yake gidanmu, Mai Kemis ya zo da faifan da ya daɗe yana jira a kawo masa daga waje. Aka sa, falo ya yi tsit, wani ƙaho ya fara tashi a hankali. Ina kicin ina zuba shayi. Zomanya ta hau kujera, ta ji kiɗa ya yi mata, ta diro da ƙafa biyu. Allura ita ma ta yi nata tsallen, ta ja wani dogon ƙii daga bakin faifan har kusan tsakiya.

Ba wanda ya yi mata tsawa. Da ma tsawar aka yi, da ta yi kukanta ta manta. Shiru aka yi, irin wanda yaro yake ganewa kafin babba. Mai Kemis ya ɗauki faifan ya kai bakin taga, ya karkata shi nan, ya karkata shi can, ya ce ba komai, ai yarinya ce, da muryar da kowa ya ji akwai komai. Abbanta ya ɗauke ta ya zaunar a cinyarsa, ya ce mata a kunne, a hankali, faifai.

Faifan bai mutu ba, amma ya sami tabo. Duk zagaye ɗaya sai ya ce ƙas. Kuma da yake shi ne wanda Mai Kemis ya fi so, bai daina zuwa da shi ba. In aka sa, ƙas, ƙas, sai idanu su zame su koma wurin Zomanya ba da niyya ba, ita kuma ta zo ta shige bayan zanina. Daga nan duk makon da garmaho yake gidan, kalma ɗaya ake ji daga safe zuwa yamma: a hankali. Abbanta yana faɗa da taushi, baƙi suna faɗa da murmushi, har ni bakina ya saba. Gida ya yi lafiya, ruwa ya daina zuba a hanya, na ɗauka ma girma ne ya fara zuwa mata.

Malamar makarantarsu ce ta buɗe mini ido. Na je ɗauko Zomanya, ta tsayar da ni a bakin ƙofar aji, ta tambaye ni ko takalmin yarinyar ya matse ta. Ta ce ta lura a kan yatsu take tafiya, kuma in an fita wasa ana tsalle cikin tayoyi, ita sai ta raɓe a jikin bango, in yara suka diro da ƙarfi ta ɗora yatsa a baki tana ce musu su yi shiru. Na cire takalmin a nan take na duba, da sauran wuri a ciki. Na duba tafin ƙafa, na duba tsakanin yatsu, na matsa diddige, ba ciwo ba kumburi.

Da muka koma gida na zauna na zuba mata ido. Makon nan garmaho yana gidan Tela, teburinsa ma wayam yake sai ƙyallen da ake rufe shi. Na aike ta ɗaki ta ɗauko mini mataji. Ta tashi ta buɗe hannuwa, ta ɗaga diddige, ta bi gefen bango tana sanɗa kamar mai tsallake mutanen da suke barci. Na tambaye ta me ya sa take tafiya haka.

"Faifai zai ji ciwo," ta ce, da raɗa.

Na ce mata ai ba ya nan, yana gidan Baba Tela.

"Zai dawo."

Ranar ban iya cin abincin kirki ba. Da Abbanta ya dawo, ko takalmi bai gama cirewa ba na gaya masa garmaho ya gama hawa matakalar nan. Bai yi musu ba, shi ba mai musu ba ne, kuma da ya ga tafiyar da idonsa sai da ya zauna. Ya ce zai gaya musu a cire gidanmu daga zagayen, shi ya riƙa bin su can. Sai ya kalli akwatin fayafayansa, ya ce da ma a makonmu ne kaɗai yake samun ya ji nasa yadda yake so, don ranar Asabar kowa nasa yake turawa gaba. Ya ce amma ba komai. Na gaji da jin ba komai a gidan nan.

Da na kwana na tashi, sai na ga korar garmahon ba za ta yi maganin komai ba. Ai ba ya nan ɗin ma take sanɗa. In ya tafi bai dawo ba, haka za ta zauna tana jiransa, wataƙila ma ta ɗauka ita ce ta kore shi. Abin da take bukata shi ne ta gan shi yana juyawa, kiɗa yana tashi, ta yi tsalle, kuma kada komai ya faru. To ta yaya, a gidan da katako yake rawa?

Abbanta ya ce masu abin suna kafa masa kanta a jikin bango. Mai gidan da muke haya kuwa ko ƙusar kalanda sai an roƙe shi, ga shi bangon falon ma rabinsa allo ne. Na ce a sa matashi a ƙarƙashi, ya ce Tela ya taɓa gwadawa, abin sai ya riƙa lilo kamar kwalekwale. Na ce to a gwada wasu wuraren in ya dawo. Ya tambaye ni da faifan wa za a gwada, na ga ya riƙe murfin akwatinsa.

Ba sai da faifai ba. Ni na san katakon nan fiye da kowa, don kullum ina ganin yadda ruwan wankan Zomanya yake karkarwa a baho in wani ya gifta. Na cika faranti mai faɗi da ruwa har baki. Muka jira ta tafi makaranta ranar da Abbanta yake hutu, na ɗora farantin a teburin garmaho, na ce ya yi tsalle. Ya ce shi da girmansa. Na ce da girmansa ɗin nake so. Ya yi, ruwa ya yi ambaliya. Na kai farantin kan durowar kaya, haka. Na kai bakin taga, da sauƙi amma yana rawa, ga rana kuma tana dukan wurin, wadda ya ce tana lanƙwasa faifai kamar ganye. Muka bi gidan kusurwa-kusurwa, ni da faranti da tsumma, shi yana dira yana haki, har ya fara jin daɗin abin yana ƙara da salo.

Da muka zo kicin na ɗora farantin a kan dandamalin da nake girki. Kicin ɗin da banɗaki su kaɗai ne aka zuba wa siminti, don a kan bangon matakala suke zaune. Na ce ya koma falo ya yi iya ƙarfinsa. Na ji dim, na ji cokula sun amsa a can, ruwan farantin kuwa ko gezau, har ina ganin fuskata a ciki. Na ce ya sake. Haka. Maganar banɗaki ban ma kawo ta ba.

Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon dandamalin, da tukwane, da kwandon albasa, da baƙin da hayaƙi ya yi wa bango. Ya ce Mai Kemis ba zai taɓa yarda ba, mutumin da ko gyaɗa ba ya bari a ci kusa da faifai. Na ce ya bar ni da Mai Kemis, shi dai ya ce wa Direba ya taho da doguwar waya, wadda za ta kai daga kicin zuwa lasifikokin falo.

Ana gobe garmaho zai dawo na fitar da risho baranda, na kwashe tukwane, na kai albasa da mai ɗakin kwana. Na wanke dandamalin da sabulu da ruwan zafi, na goge bango har inda hannuna ya kai, na hau kujera na ƙarasa sauran. Na roƙi Direba kada ya kawo shi sai ranar Asabar ɗin, tare da kowa. Da safe na gama girki a baranda tun da wuri, na buɗe tagar kicin iska ta ratsa.

Suka iso tare. Direba yana gaba da kwalin a rungume, ya nufi teburin da aka saba, na tsaya a gabansa na ce yau kicin za a wuce da shi. Ya juya ya kalli Mai Kemis. Tela ya ce shi da ma ya daɗe yana zargin garmahon nan yunwa yake ji, ga shi uwar ɗakinsa ta gano. Ba wanda ya yi dariya sai shi.

Mai Kemis ya shiga kicin ɗin shi kaɗai. Ya shafa bango da yatsa ya duba, ya shinshina, ya leƙa ƙarƙashin dandamali. Ya fito ya yi mini bayani mai tsawo, cikin ladabi, a kan yadda tururin mai yake tashi ya sauka a ramukan faifai, ƙura ta bi ta manne, allura ta kwashe. Na kawo farantina zan nuna masa, ya ce ba sai na wahala ba, kowa ya san siminti ya fi katako, amma kicin kicin ne, ko an wanke shi da me. Ya ce in yarinya ce matsalar, ai sai a kai ta gidan maƙwabta na ɗan lokacin da ake saurare, kamar yadda ake yi a gidan Tela. Tela ya ce nasa 'ya'yan ba kai su ake yi ba, gudu suke yi da kansu in sun hango tabarau.

Maigidana ya buɗe baki zai yi magana, na riga shi.

"Yaya, faifanka sau ɗaya ya karce. 'Yata kuwa kullum tana tafiya kamar ɓarauniya a gidan ubanta."

Ya ce yara haka suke, wata rana ma ba za ta tuna ba. Na zuba ruwa a kofi, na leƙa ɗaki na ce wa Zomanya ta zo ta kai wa Baba Kemis. Ta fito da kofin a hannu biyu, diddige a sama, tana ɗaga ƙafa ɗaya ta ajiye kafin ta ɗaga ɗayar, idonta a kan kwalin da yake hannun Direba, wanda ko buɗe shi ba a yi ba. Falon ba shi da girma, amma tafiyar ta yi tsawo. Ta miƙa masa, ta gaishe shi da raɗa, ta juya ta koma yadda ta zo. Ko ɗigo bai zuba ba.

Mai Kemis ya riƙe kofin bai sha ba. Can ya ajiye shi, ya karɓi kwalin daga hannun Direba, ya shige kicin. Daga ciki ya jero sharuɗɗansa: ba a kunna wuta matuƙar murfi yana buɗe, ba a buɗe famfo, kuma shi zai zauna kusa da shi da kansa. Na ce na yarda, wutar ma tana baranda. Kicin ɗinmu mutum ɗaya yake ɗauka, kujera ba ta shiga, sai na kifa masa bokiti na ɗora matashi. Ya zauna, gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa. Tela ya leƙa ya ce tunda ya zauna, ko zai taimaka ya tsince wa matar gida shinkafa. Direba ya ja waya ta ƙarƙashin ƙofa, ya bi da ita gefen bango har bayan lasifikoki, yana manne ta da salatif.

Sai aka zo kan faifan da za a yi gwaji da shi. Nan kowa ya zama mai kyauta da kayan wani. Tela ya ce a sa na Direba, tunda shi barci yake yi ba zai ji asarar ba. Direba ya ce na Tela ai da ma duk ƙas-ƙas ne, ƙari ɗaya ba zai nuna ba. Ana cikin haka maigidana ya buɗe akwatinsa, ya zaro wanda ya saya na ƙarshe, wanda ya sha tafiyar ƙasa a kansa har takalminsa ya buɗe baki, ko sau ɗaya bai ji shi ba tukuna. Ya miƙa ta ƙofar kicin. Mai Kemis ya tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce a sa.

Muka ji ɗan shuu na farko, sai jita ta shigo, sai ganga a bayanta, kiɗa mai motsa kafaɗa. Na fito da Zomanya na tsayar da ita kusa da ni. Tela ya tattare rigarsa, ya ce kowa ya riƙe abin da yake so, ya yi sama kaɗan ya dawo da duk nauyin da Allah ya ba shi. Kofuna suka yi ƙara, hoton bango ya karkace, jita kuwa ta ci gaba da abinta. Direba ya yi nasa. Abbanta ya yi har sau biyu, da salon da ya koya ranar faranti. Daga kicin Mai Kemis ya ce allura ba ta motsa ba.

Na duba Zomanya ina tsammanin dariya, sai na ga idonta ya cika. Ta saki zanina, ta yi sanɗa zuwa wurin Tela, ta ja bakin rigarsa.

"Baba Tela, a hankali. Za a yi fushi."

Na durƙusa na gaya mata yanzu an yarda, kowa zai iya tsalle, faifai ya koma inda ba ya jin komai. Abbanta ya gaya mata. Tela ya rantse mata da almakashinsa. Tana jinmu, amma ba mu take kallo ba, ƙofar kicin take kallo. Mu duka ba mu ne muka kai faifai bakin taga muka karkata shi ba.

Ban san ko Mai Kemis ya hango ta ta tsagar ƙofa ba ne, ko shirun ne ya gaya masa. Ya turo ƙofar da ƙafa, ga shi nan a kan bokiti, buroshi a hannu.

"Zomanya, zo nan. Waɗannan ƙattin ba su iya tsalle ba, faɗuwa kawai suke yi. Ni gwani nake nema ya gwada mini."

Ta matsa kaɗan, ta tsaya inda leda ta ƙare siminti ya fara. Ta leƙa faifan yana juyawa.

"In ya ji ciwo fa?"

"Ga ni zaune ina gadinsa. Ni aikina gadi, ke aikinki tsalle. Kowa ya yi nasa."

Ta yi tunani. Ta ce to ya kalle shi da kyau, kada ya kalle ta. Ya gyara tabarau ya sunkuya a kan garmahon kamar mai karanta takardar likita. Ta koma tsakiyar falo, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta lanƙwasa gwiwa, ta yi wani ɗan abu da ba zan kira shi tsalle ba, yatsunta ma ban ga sun bar ƙasa ba. Ta tambaya da raɗa ko ya ji.

"Bai ma san kin yi ba," in ji Mai Kemis. "Ƙara."

Ta ƙara, wannan karon ta tashi. Ya ce har yanzu bai ji komai ba, ko dai an canza masa Zomanya ne da wata tsohuwa. Ta ce ita ce. Ya ce to a nuna masa. Ta diro da diddige, dim, irin ƙarar da na yi kwana da kwanaki ban ji ba a gidan nan, ta tsaya cak tana saurare. Ganga tana nan, jita tana nan. Sai ta saki dariya, ta shiga yi ba ƙaƙƙautawa, daga tebur zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga, tana faɗa wa Baba Tela ya matsa ya tare mata hanya. Abbanta ya zauna a ƙasa ya jingina da lasifika, ido a rufe, yana jin faifansa karo na farko, kansa yana girgiza duk lokacin da ta dira kusa da shi. Direba ya ce yau dai an hana shi barci. Da gefen farko ya ƙare, Mai Kemis ya juya faifan, ya leƙo ya tambaye ni ko gidan nan akwai bokitin da ya fi wannan tsawo.

Ina shirin amsa masa na ga ta hau kujera. Ba ta tsaya a mazauni ba, ta taka hannun kujerar, ta miƙe tsaye a kai tana lilo, wurin da ya fi tsayin da raina yake so, ga kusurwar tebur a gabanta. Kalmar nan, a hankali, ta zo mini har kan harshe. Na haɗiye ta, na sa ƙafa na ture teburin gefe, na jawo matashi ƙasa kamar ba da gangan ba.

"Umma, kalle ni," ta ce da dukkan muryarta.

Na ce ina kallo.